Tayar baya ta fashe mini a hanyar Tambuwal

Mai Corolla: Assalamu alaikum. Jiya da azahar ina dawowa Sakkwato, na wuce Bodinga kaɗan sai na ji fam! Tayar baya ta tarwatse, Allah ya kiyaye. Wata uku ke nan da na saye ta, 'yar Belgium, zanenta kamar sabuwa. Mi ya jawo haka?

Direban Illela: Sannu da arziki. Zane ba ya nuna shekaru, malam. Duba gefen tayar, bayan haruffan DOT akwai lamba huɗu na lokacin ƙera ta. In ka ga 2318, mako na 23 ne na 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC na cewa taya ta ƙare in ta cika shekara 4 da ƙerawa.

Baba Makanike: Ɗana, iska fa? Zafinmu na Afrilu ya wuce digiri 40, kwalta kamar tanda. Taya mai ƙarancin iska tana lanƙwasa, ta ɗau zafi, ta fashe. Ka auna da sassafe, da adadin da ke jikin ƙofar direba. Mai faci na buga ta da hannu ya ce "ta yi" kawai.

Mai Corolla: Direba, na duba lambar tayar yanzu. 4116 aka rubuta.