Abin da aka tattauna kan yin intabiyu a binciken harkar gudanarwa

Jama'a maganar ta yi tsawo, bari in haɗa kanta wuri ɗaya.

1. Kusan kowa ya yarda ka tsara tambayoyinka tun daga gida, amma in mutum ya ɗauko wani zance mai amfani ka bi shi, kar ka katse shi.

2. Kar ka tsaya kan manajoji kaɗai, galibi abin da ke rubuce a takarda za su maimaita maka, ƙananan ma'aikata su suka san yadda aikin yake tafiya, kuma don Allah kar a yi hirar a gaban oga, ba wanda zai saki jiki. Wannan ni ma ina tare da shi sosai.

3. Nemi izini kafin rikodin, ka ɓoye sunaye.

4. Mayar da hirar awa 1 rubutu kan ci awa 4 zuwa 6.

Inda aka rabu shi ne yawan mutanen da za a yi hira da su, wasu sun ce ka tsai da adadi tun farko, wasu kuma ka ci gaba har sai ka daina jin sabon abu. Haka ma tantance bayanai, akwai masu son NVivo, wato manhajar kwamfuta da ake tantance bayanan hira da ita, akwai masu cewa hannu ya isa in hirarrakin ba su da yawa.