Tiyatar zuciyar Baba: jijiyar hannu ko ta ƙafa?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka mini da shawara, kaina ya kulle. Baba ya fi shekara yana kukan ƙirji in ya hau bene, mu kuma muna ta cewa olsa ce. Ni na dage aka kai shi asibiti. Yayana har gaba ya yi da ni wai ina tayar wa tsoho hankali, yau kuma shi ke cewa an yi sakaci. An ɗauki hoton jijiyoyin zuciya, uku sun toshe, za a yi masa baifas, wato tiyatar da ake ɗauko jijiya daga wani wuri a jiki a kewaye wurin da ya toshe. Likita ya ce zai haɗa jijiyar ƙirji ta hagu da babbar jijiyar gaban zuciya, sauran biyun kuma ko a ciro daga hannu ko daga ƙafa. Na ce ƙafa, don ina tsoron hannunsa ya shanye. Tun ranar ban runtsa ba. Na yi daidai?

Wanda aka taɓa yi wa baifas: Ƙanwata, ba ki yi daidai ba. Ta ƙafa mai mayar da jini ce, ba ta saba da ƙarfin bugun zuciya ba, kafin shekara 10 kusan rabi sun toshe ko sun lalace. Ta ƙirji kuwa fiye da kashi 90 cikin 100 na nan garau. Ni ta hagu da ta dama duka aka sa mini. Koma ki ce su ɗauki biyun.

Wata uwa: Ku ma kun samu an tambaye ku. Mu da aka yi wa maigidana ko kallonmu ba a yi ba, ga ƙafar da aka tsaga tana kumbura har yau.

Nas a ɗakin tiyata: Yaya, a bi a hankali. 'Yar uwa, shekarunsa nawa? Yana da ciwon suga? Jijiyoyin ƙirjin nan su ke ciyar da ƙashin da za a tsaga. In an kwashe duka biyu ga mai suga ko mai ƙiba, raunin tiyatar na iya ƙin warkewa, ya ruɓe. Binciken ART da aka yi kan mutum sama da 3,000, wanda sakamakonsa na shekara 10 ya fito a 2019, bai nuna biyu sun fi ɗaya tsawaita rai ba. Hannu kuma ba ya shanyewa haka kawai. Jijiyoyi biyu ke kai masa jini, ana gwajin Allen a tabbatar ɗayar za ta riƙe kafin a taɓa. Sai dai ta hannu ta fi dacewa in jijiyar zuciyar da za a haɗa ta da ita ta toshe sosai, in ba haka ba jinin tsohuwar hanya ya rinjaye ta, ta tsuke.

Mai tambaya: Yana da suga, amma yana shan magani. Ni fa ba da ka na zaɓa ba, mutum ne mai aiki da hannunsa.

Wanda aka taɓa yi wa: Ni ma ina da suga, ga ni ina tuƙi. Tsoro ne kawai.

Nas a ɗakin tiyata: Jikinka daban, nasa daban, Yaya. Ta wane hannu aka zura masa waya lokacin hoton? Ba a son ɗaukar jijiyar da aka bi ta ciki. In kuma ƙodarsa ta raunana, ana adana ta hannu saboda wankin ƙoda. Shi Baban ma me ya ce?

Mai tambaya: Hannun dama ne, ina jin. Baba ba mu gaya masa akwai zaɓi ba, zai tsorata. Kuma da ta ƙafa ba ta da kyau ai likita ba zai kawo ta ba.

Wata uwa: Haka mu ma muka ce.

Wanda aka taɓa yi wa: To ga hannun hagu nan a banza! Yaushe ne aikin?

Mai tambaya: Alhamis. Yayana yana kirana, zan dawo.