Ƙararrawar Kamfani Ba Ta Hana Fasa Gilashi

Masu motoci da suka tattauna batun fasa motoci sun fi jaddada cewa ƙararrawar da mota ke fitowa da ita daga kamfani, a motoci da yawa, buɗe ƙofa ko but (wurin ajiye kaya a bayan mota) kawai take ji. Saboda haka ɓarawo yana iya fasa gilashi, ya miƙa hannu ya ɗauke jaka, ƙararrawar kuwa ko motsi ba ta yi ba. Ko ta yi ƙara, mutane sun saba jin ta har ba sa waiwayawa.

Na'urar da ke hana inji tashi sai da makullin asali, wadda Tarayyar Turai ta wajabta wa sababbin motoci tun 1998, ta fi samun yabo, amma motar take karewa, ba kayan cikinta ba. Masu motar da ake tayarwa ba tare da saka makulli ba an shawarce su su ajiye makullin cikin jakar da ke toshe sigina, domin ɓarayi kan janyo siginarsa daga cikin gida su buɗe motar.

A ganina shawarar da ta fi muhimmanci ita ce kada a bar komai bisa kujera, ko da wayar caji ce, sannan a ƙara da makullin sitiyari.