Kwalliyar fuskar kwamfuta ce ke sa ta nauyi?

Mai Gyara: Salam jama'a. Zan faɗi wata magana, wanda zai ji haushi ya ji. Duk wannan kwalliyar da kuke yi wa fuskar kwamfuta, hoton bango mai motsi, agogo a gefe, launi kaza da kaza, ɓata lokaci ne, kuma ita ke sa na'ura nauyi. Kullum ana kawo mini laftof a ce tana ja da ƙyar, ina buɗewa sai in ga kifaye suna iyo a bayan aikon. Ku bar ta yadda kamfani ya yi ta.

Ɗan Auta: Haba Oga, ka yi mana kuɗin goro. Hoton da ke tsaye daban, mai motsi daban. Na tsaye sau ɗaya ake loda shi, ya zauna abinsa, bai ci maka komai ba. Masu motsin, irin su Wallpaper Engine da Lively, da agogon Rainmeter, su manhajoji ne da ke aiki a ɓoye muddin na'urar tana kunne. Duk mai shakka ya danna Ctrl da Shift da Esc, Task Manager zai nuna masa abin da kowace manhaja ke ci.

Mai Gyara: To ai ka taya ni magana, ƙanina. Laftof ɗin da mutanenmu ke saya galibi ta hannu ce, ram giga 4, tsohon had dis mai juyawa. Ita kanta Windows 11 giga 4 ne mafi ƙarancin abin da take nema. Ka ɗora mata bidiyo a bango, ga Chrome a buɗe, ina za ta samu numfashi? Sannan daga ina yaran nan ke sauke kayan? Shafin da aka rubuta kyauta da manyan baƙi, ka sauke hoto ɗaya ya zo da baƙin manhajoji uku. Microsoft da kanta a 2012 ta ce a kashe ƙananan agogo da kalandar nan na gefen allo na Vista da Windows 7 saboda matsalar tsaro.

Anti Mai Taifin: Oga, a kan kifayen nan ina bayanka. Amma "yadda kamfani ya yi ta" ɗin nan ne ban gane ba. Wace daga ciki? A 2012 Windows 8 ta cire maɓallin Start gaba ɗaya, mutane suka yi ca, 8.1 ta dawo da shi a 2013. A Oktoban 2021 Windows 11 ta kwashe komai ta kai tsakiya. Su ma kansu ba su tsaya wuri ɗaya ba.

Ni aikina buga furojet ɗin ɗalibai ne daga safe har magariba. Da na koma sabuwar, hannuna sai ya riƙa zuwa kusurwar hagu ta ƙasa da kansa, in tarar da yanayin sararin sama maimakon Start. Ɗalibi yana tsaye a kaina, ni kuma ina laluben maɓalli. Na shiga Settings, Personalization, Taskbar, na mayar da shi hagu. Na ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 saboda idona. Idan wannan ne ɓata lokaci, to na yarda in ɓata.

Malam na Lissafi: Hajiya, hannun naki yana da hujja. Wani masani ɗan Amurka, Paul Fitts, ya nuna a 1954 cewa lokacin da hannu ke ɗauka ya kai ga abu ya danganta da nisan abin da kuma girmansa. Kusurwar allo kuwa ba ka iya wuce ta: ko ido a rufe ka wurga linzami ƙasa hagu, can zai tsaya. A tsakiya dole ka auna, kuma Start ɗin yana matsawa gefe duk lokacin da ka buɗe sabuwar manhaja.

Ɗan Auta: Malam, da girmanka, ni dai tsakiyar ta fi mini. Allona faɗi gare shi, kusurwa tafiya ce. Kuma wa ke neman Start da linzami yanzu? Danna maɓallin Windows, rubuta baƙi uku, shi ke nan.

Malam na Lissafi: Kai ke nan. Je ka ka koya wa mahaifinka haka ka dawo mu ji.

Baban Fati: Ku yi haƙuri in tsoma baki. Ni komai nawa a fuskar nake ajiyewa, rasit, hotunan biki, takardun makarantar yara, har hoton bangon ba ya ganuwa. Shi ma yana sa nauyi?

Ɗan Auta: Kaɗan ne, Baba. A tsohon had dis za ta ɗan jima kafin ta zana su in an kunna, iyakacinsa ke nan. Abin da ya fi riƙe ta wajen tashi shi ne manhajojin da ke kunna kansu tare da ita. Duba Startup a cikin Task Manager, ka kashe waɗanda ba ka buƙata.

Mai Gyara: Nauyi ƙaramar magana ce a nan, Baba, asara nake jiye maka. Fuskar nan folda ce kawai a cikin C, ɓangaren had dis ɗin da Windows ɗin kanta take ciki. Ranar da ta ƙi tashi, ka kai wa mai gaggawa ya yi mata fomat bai tambaye ka ba, hotunan bikin sun tafi tare da ita. Na sha ganin magidanci ya zauna a bencin shagona ya riƙe kai a kan wannan. Kwashe su ka kai D in tana da shi, ka kuma ajiye kwafi a filas. Wani abu kuma, in OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, a kunne yake yana adana fuskar, duk bidiyon da ka jefa can sai ya hau intanet da datarka.

Baban Fati: Ashe! To shi ya sa in na haɗa ta da wayata data ba ta kwana.

Anti Mai Taifin: Tunda an zo nan, baƙin launin nan da ake cewa yana adana batir fa? Da yanayin wutarmu, ko minti goma riba ce.

Ɗan Auta: Sai in allon OLED ne, Anti, don shi wurin da yake baƙi a kashe yake. Yawancin laftof ɗinmu LCD ne, fitilar bayansa tana kunne ko fari ko baƙi. Rage hasken allo ya fi miki amfani. Baƙin dai in ya yi wa idonki daɗi da dare, bar shi.

Mai Gyara: Kun gani ko? An yi kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Malam na Lissafi: A'a Oga, kada ka gudu da nasarar da ba taka ba. Ka fara da cewa duk gyaran fuska ɓata lokaci ne. Hajiya ta mayar da Start hagu ta ƙara girman rubutu, aikinta ya yi sauri, na'urarta ba ta yi nauyi ba. Kai kanka yanzun nan ka sa Baba ya sake tsarin fuskarsa. Abin da ya rage a hannunka kifayen ne kawai.

Mai Gyara: Gyaran Hajiya aiki ne, ban kira shi kwalliya ba. Amma Ɗan Auta da ke ta kare su, kawo taka gobe da safe, mu buɗe Task Manager a gaban kowa mu ga nawa agogon naka ke ci.

Ɗan Auta: Zan kawo. In bai kai abin da Chrome ɗinka ke ci ba, shayi da burodi a kanka, har da ƙwai.