Musayar Baitoci: An Ture Kujera, Sai Me?

Mai Furfura:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga tsokana na jefo, ƙafiyarmu "ya" ce. Mai amsawa ya zo da hujja, ban da kirari.

Na ga samari sun fito,
Da kwalaye, ana ta kwarmato,
Ba sa shakkar kowane ƙato,
Wai su za su gyara duniya.

Tunisiya a 2011 ta tashi,
Ben Ali ya gudu, an rabu da shi,
Yau je ka tambayi matashi,
Aiki ya samu, ko dai tsiya?

A Sudan, shekara 30 Bashir na mulki,
A 2019 yara suka yi aiki,
A 2023 sai ga yaƙi,
Janar biyu na ta jayayya.

'Yar Alƙalami:
Baba, da girmanku, ku saurara,
Masu kunna wutar nan ba yara,
Manya ne, masu kaki da gadara,
Su suka jefa Sudan a rijiya.

Da yaƙi ya zo hukuma ta watse,
Hanyoyin agaji duk an datse,
Matasan unguwa, ko da a matse,
Su ke ciyarwa, su ke jinya.

Soweto ta Afirka ta Kudu, Yunin 1976,
'Yan makaranta suka baro gida,
Harsashi bai sa sun sauya aƙida,
Sun ƙi Afirkans, harshen danniya.

Ɗan Rumfar Zaɓe:
Yaya, na yarda, amma ga ƙari,
Doka ta fito 2018, zamanin Buhari,
Ɗan 25 ya nemi majalisa da wuri,
Ɗan 35 ya nemi kujera ta ɗaya.

Sai ga zaɓen 2023 ya zo,
A intanet kowa ya zama gwarzo,
Ranar layi aka nemi masu ƙwazo,
Cikin goma uku ba su cika ba, gaskiya.

Boric na Chile ya ja ɗalibai,
A 2011, kan tsadar karatu dai,
Bayan shekara goma ƙuri'a ta kai
Shi fadar mulki, ba hayaniya.

Mai Furfura:
Ɗana, ka ƙarasa labarin mana. Sabon kundin tsarin mulkin da Boric ɗin ya mara wa baya, jama'arsa sun yi fatali da shi a 2022. Hawa daban, riƙon linzami daban. Ku ci gaba, ina jin ku.

Na-Gefe:
Tun ɗazu nake leƙe. Kun raba titi da akwati kamar ba sa ga-maciji, alhali akwai waɗanda suka fara da karatu tukuna.

Kenya a 2024, ko kun manta?
Ƙudurin haraji ya zo, suka karanta,
Sashe-sashe suka fassara ta,
Mai karatu ya biya wa wanda bai iya.

Ruto ya janye, bai sa hannu ba,
Amma iyaye ba su bar kuka ba,
Waɗanda aka harbe ba su dawo ba,
A sa wannan ma a lissafin tafiya.

Watan Yuli kuma Dhaka ta Bangladesh ta cika,
Kan kason aikin gwamnati ɗalibai ke kuka,
Bayan shekara 15 Hasina ta sauka,
Jirgi ya ɗauke ta zuwa Indiya.

Mai Furfura:
'Ya'yana, na ji, kuma na ƙaru,
Ban ce ku naɗe hannu kome ya faru,
In ƙura ta lafa, su wa suka taru
A zauren kasafi, wurin rabon dukiya?

Wa zai bi kwangila har a gama?
Wa zai tsare kansila a yi ta fama?
Can ba kyamara, ba mai tafi ma,
Can na neme ku, ban ga ko ɗaya.

'Yar Alƙalami:
Kun ce mu shigo, ga ƙofa a kulle,
Mabuɗin na aljihunku a ƙulle,
Sai ranar kamfe a ce mu yi tsalle,
A ba mu fosta, a ce mu yi biyayya.

Rabin Afirka ba su kai 20 ba,
Kamaru kuwa ba ta ga sauyi ba,
Tun 1982 mutum bai sauka ba,
Baba, wa'azin nan ku kai wa Paul Biya.

Ɗan Rumfar Zaɓe:
Yaya ta sosa inda ke ƙaiƙayi,
An rage shekaru, ba a rage nauyi,
Fom ɗin APC a 2022, in ka bi layi,
Naira miliyan 100 za ka biya.

Mai Furfura:
'Yata, na karɓi saƙon Biya, wannan kin ci ni. Kai kuma ɗana, fom ɗin shugaban ƙasa ka ɗauko don ka tsorata mu. Na kansila nawa ne? Je ka tambayo, ka dawo mana da shi cikin baiti.