Sun tsayar mini da tallafin karatu, ga bashi sun ɗora mini: in haƙura da kwalejin nan ne?

Mai tambaya (an sakaya suna):
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a sakaya sunana, akwai dangin maigidana a nan. Muna Amurka, cacar biza ce ta kawo mu ni da shi da yara biyu, muna da katin zama. Tun ina ƙarama aikin jinya nake so, har Babanmu yake ce mini Nas ina 'yar firamare. Aure ya zo, haihuwa ta zo, maganar ta kwanta. Da muka zo nan na samu aikin kula da wata tsohuwa a gidanta, na dare. In na taso da asuba in shirya yara, in raka su bas, in ɗan runtsa, in kama hanyar makaranta. Ƙanwar maigidan da muke zaune tare ko cokali ba ta ɗagawa, aikinta kai rahoto gida wai na mayar da ɗan'uwansu mai reno, alhali ni nake biyan intanet ɗin da take kai rahoton da shi. Uwarsu kuma kullum maganarta ɗaya, matar aure mai 'ya'ya me za ta yi da boko. To wannan a bar shi.

Na shiga kwalejin al'umma ta gwamnati, irin mai shekara biyu. Ba su wahalar da ni ba, sakamakon WAEC ɗina suka karɓa, suka yi mini jarrabawar tantance aji, suka ce in fara da Turanci da lissafi na share fage. Na cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, aka ba ni tallafin da ake kira Pell. Ana tsakiyar zangon da ya wuce aka bugo mini Baba ya rasu, na tafi gida, ban samu dawowa da wuri ba. Ina dawowa na tarar da takarda biyu. Ɗaya wai an dakatar da tallafina don ban cika sharaɗin SAP na ci gaba a karatu ba, ɗayar kuma suna bina dala 1,380, sun rufe mini rajista sai na biya. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai ba ɗalibai shawara ta ce wai ni ban ma shiga sashen jinya ba tukuna. To duk wannan wahalar me nake karantawa? Maigida ya je da kansa, suka ce ba za su yi magana da shi a kaina ba, ya dawo ransa a ɓace ya ce in bar su. Yanzu wata makaranta mai zaman kanta ta ce za ta ɗauke ni kai tsaye, in gama cikin wata 20, kuɗin ya haura dala 40,000 amma za su nema mini rance. Me zan yi?

Hajiya Bilki:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Ƙanwata wace jiha kike? Kowace jiha da dokarta, har kuɗin makarantar ba ɗaya ba ne.

Injiniya Baban Walid:
Allah ya jiƙan mahaifi. Baiwar Allah, ni ta irin wannan kwalejin na bi kafin in koma jami'ar jiha in ƙarasa digiri, don haka ki saurara da kyau. Ba zaluntarki aka yi ba, dokar tarayya ce ta hau kanki. Kuɗin Pell da aka tura miki a farkon zango ba naki ba ne sai kin zauna aji kin cinye shi. Wanda ya bar duka azuzuwansa kafin zango ya kai kashi 60 cikin 100, dole makaranta ta lissafa abin da bai cinye ba ta mayar wa gwamnati, ita kuma ta juyo kanki. Nan 1,380 ɗinki ta fito. Shi kuma SAP abu uku yake dubawa: matsakaicin makinki, wato GPA, kada ya sauka ƙasa da 2.0, ki ci kusan kashi 67 na kiredit, wato awannin kwasa-kwasan da kika yi wa rajista, kuma ki gama kafin ki ninka tsawon kwas ɗin sau ɗaya da rabi, wato mai kiredit 60 kada ya wuce 90. Maganinsa afil, wato ɗaukaka ƙara. Rasuwar ɗan'uwa na kusa tana cikin dalilan da dokar ta ambata da baki. Ki haɗa takardar shaidar rasuwa da tikitin jirgi da hatimin fasfo, ki rubuta abin da ya faru da abin da ya canza yanzu, ki kai ofishin tallafin karatu. Kyauta ne. In sun karɓa za su mayar miki da tallafin bisa sharaɗi. Amma akwai abin da bai zauna mini ba. Makarantu da yawa suna ba da zango ɗaya na gargaɗi kafin su dakatar. Ko dai taku sau ɗaya take dubawa a shekara, ko kuma akwai abin da ya faru kafin rasuwar da ba ki faɗa mana ba.

Mai tambaya:
Yaya ba wani abin ɓoyewa. Zangon da ya gabaci wancan na janye daga ajin ilimin sassan jikin ɗan Adam, kuma da dalili. Malamin magana yake kamar ana korarsa, ga ɗakin gwaji ƙarfe takwas na safe, ni kuma ban daɗe da tasowa daga aiki ba. Ita mai ba da shawarar ce ma ta ce gara W, alamar janyewa, a takardata da F na faɗuwa. Yanzu kuma a ce W ɗin laifi ne?

Injiniya Baban Walid:
Ta faɗa miki rabin gaskiya. W ba ya taɓa GPA, amma ana ƙirga shi cikin kiredit ɗin da kika ɗauka ba ki ci ba, sai ya ja kashi 67 ɗin ƙasa. Na tabbata an turo miki gargaɗi ta imel ɗin makaranta, mutanenmu ba sa buɗe shi.

Maman Sultan:
Hmm, masu ba da shawarar nan ai sai a hankali. Ni haka wata ta ɗora ni kan digirin shekara biyu na AAS a harkar kasuwanci, na gama da murnata, na je jami'a suka ce kwasa-kwasai da yawa ba za su shiga lissafin digirina ba, wai AAS na masu fita neman aiki ne, mai son wucewa jami'a takwarorinsa AA ko AS yake yi. Ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya bambance mini. Mutum ɗaya ga ɗalibai tuli, kafin ka gama gaisuwa ta fara kallon agogo. Har yau in na tuna sai raina ya sosu. Ni dai in da hali ki tafi inda kuɗinki zai sa a saurare ki.

Anti Ladi:
Maman Sultan yi haƙuri, a nan ba zan bi ki ba. Ni nas ce, kuma a kwalejin al'umma na yi. Ƙanwata, ƙofar makarantar ce a buɗe ga kowa, ƙofar sashen jinya ba haka take ba. Gurbi kaɗan ne, domin kowane ɗalibi sai an sama masa asibitin da zai yi horo da malamin da zai tsaya a kansa. Sai kin gama kwasa-kwasan sharaɗi, su ilimin sassan jiki kashi na ɗaya da na biyu da ilimin ƙwayoyin cuta, da maki mai kyau, wurare da yawa kuma ki rubuta jarrabawar shiga ta TEAS, sannan ki nemi shiga a tantance ku. Ni ma ba a karon farko aka ɗauke ni ba. Abin da kike karantawa yanzu shi ne matakalar. Sai dai ki bincika, wasu sassan suna ƙirga sau nawa mutum ya maimaita ajin kimiyya, har da wanda ya janye. Kuma in faɗa miki tsakani da Allah, aikin dare da karatun jinya ba sa haɗuwa, ko a wace makaranta. Can ɗin da suka ce wata 20, gudun ya ninka na nan.

Mai tambaya:
Anti aikin dare ba zaɓi ba ne. In na bari wa zai biya haya? Kuma su can sun ce akwai ajin yamma da na ƙarshen mako, sun kira ni da kansu, suka yi mini magana da mutunci. A nan kuwa uba na rasa amma ko gaisuwa ba wanda ya yi mini, sai takardar bashi.

Malam Idi:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne hana mijinta bayani. Miji guda ya taka ƙafa ya je a ce ba a san shi ba? Haka suka yi mini a kan ɗana da nake biya wa kuɗi. Ƙasar nan sai addu'a. Sannan rancen nan da ake ta ambato, ba wanda ya ce komai a kan ruwan da ke kansa. A ji tsoron Allah.

Injiniya Baban Walid:
Malam Idi, wannan dokar FERPA ce, tun 1974 take. Ɗalibin kwaleji shi ke da iko da bayanansa, amma akwai fom da za ta sa wa hannu ta ba maigidan izini, shi ke nan. Mu koma kan magana. Baiwar Allah, kiran da suka yi miki da mutunci aikinsu ne, kasuwa suke nema. Kafin ki sa hannu ki shiga shafin hukumar jinya ta jiharku ki ga ko ta amince da su, ki ga kashi nawa na ɗalibansu ke cin jarrabawar NCLEX, don ba lasisi sai da ita. Ki tambaya ko ACEN ko wata hukumar tantancewa da aka sani ta tantance shirin. Makarantar kuɗi ta Corinthian ta rufe a 2015, takwararta ITT Tech a 2016, dubban ɗalibai suka wayi gari da bashi da kiredit ɗin da wasu makarantun suka ƙi karɓa. A Janairun 2023 kuma gwamnatin tarayya ta bankaɗo wasu makarantun jinya a Florida da suka sayar da takardun bogi sama da 7,600. Ban ce taki haka take ba. Amma ki auna: matsakaicin kuɗin kwalejin al'umma ga ɗan yanki kusan dala 4,000 ne a shekara, Pell kuma mafi yawansa dala 7,395. Can Pell ɗin ko rabin kuɗin ba zai biya ba, kuma ba ya wuce daidai da zango 12 na cikakken karatu duk rayuwar mutum. Don irinki aka gina kwalejojin al'umma. Tun daga ta Joliet a Illinois a 1901, zuwa rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947, manufar ita ce mai aiki da mai iyali da baƙo su samu karatu kusa da gida da araha. Ki gudu saboda 1,380 ki faɗa 40,000? Ni ma da kin bi tawa, jinyar za ki ajiye ki yi harkar kwamfuta, ba layi ba horon asibiti.

Anti Ladi:
Injiniya ka zo da kyau ka ɓata a ƙarshe. Ta ce maka jinya take so tun tana yarinya, kai kowa sai ka tura shi kwamfuta.

Maman Sultan:
Manufa a takarda daban, abin da mutum yake tararwa a ofis daban. Truman ɗin ne zai dawo mini da kiredit ɗina?

Hajiya Bilki:
Ƙanwata har yanzu ba ki faɗi jihar ba. Ina tambaya ne don in New York kike, kwalejojin CUNY na gwamnati da ke birnin suna da shirin ASAP tun 2007, suna taimakawa da kuɗin jirgin ƙasa da littattafai, su ba ki mai shawara naki da zai san ki, sai dai suna son mai cikakken karatu. Kuma ki je ofishin kuɗi ki roƙi biya kaɗan-kaɗan, wasu suna buɗe rajista da zarar an fara. Ki tambayi asusun taimakon gaggawa ma.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya. Ba New York ba ce, kuma in na faɗa za a gane ni. Ni abin da ba ku duba ba shi ne shekaruna. In yi afil, in jira, in maimaita ajin da na janye, in nemi gurbi a ce sai baɗi, yaushe zan gama? Waɗanda muka zo tare har sun sayi gida. Kuma takardar shaidar rasuwa a ina zan samo ta? Da safe ya rasu, kafin azahar an kai shi. Ranar Alhamis dai zan je in saurari waɗancan, sauraro ba sa hannu ba ne.

Injiniya Baban Walid:
In ba takardar, ki tambayi ofishin me za su karɓa a madadinta, kada ki yanke musu hukunci kina gida. Kuma kafin Alhamis ɗin ki gano abu ɗaya: bashin nan duka na makaranta ne, ko akwai kason da aka rubuta gwamnati take binki? In akwai, ba inda za a ba ki Pell ko rancen tarayya sai kin warware shi, har can ɗin. Sannan su waɗancan za su nemi takardar sakamakonki daga inda kike gudu. California ta hana riƙe ta saboda bashi tun 2020, New York ta bi a 2022, amma ba kowace jiha ba, ke kuma kin ƙi faɗar taki.

Malam Idi:
Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar ruwa.

Maman Sultan:
Injiniya tunda ka san komai, ni AAS ɗin nawa akwai jami'ar da za ta karɓe shi gaba ɗaya, ko shi ma sai na faɗi jiha?