Ruwan Agusta, Ƙishin Afrilu: Musayar Baitoci kan Sauyin Yanayi a Kano

Malamar labarin ƙasa, Kabuga:

Da sunan Allah nake fara zance,
Mai saukar da ruwa, Mai ɗaukewa.

'Yan uwa na Kano, ga tambayata,
Ku amsa da baiti, ban da kewayewa.

Afrilu ta yi, ɗan garuwa ne sarki,
Kura na layi, rijiya na ƙafewa.

Agusta ta yi, titi ya koma kogi,
Kwari da Fagge ruwa na mamayewa.

Gari ɗaya ne, kuma shekara ɗaya,
Ƙishi na sauka, ambaliya na hawa.

Iska in ta ƙara digiri 1 na zafi,
Tururin da take ɗauka yana ƙaruwa,

Kusan kashi 7 cikin 100 ne,
In ya tashi zuba ba ya jinkirtawa.

Farin 1973 da na 1984,
Dattawanmu ba sa mantawa.

Ruwa ya dawo bayan wancan,
Sai dai halinsa ne ke sauyawa:

Na mako guda ya zuba a dare ɗaya,
Sannan sama ta yi gum, shuka na ƙonewa.

Tushen abin hayaƙin kwal ne da fetur,
Da manyan ƙasashe suka daɗe suna ƙonawa.

Kasonmu a cikin laifin kaɗan ne,
Amma mu ne kan gaba wurin ɗanɗanawa.

Injiniyan magudanai, Gwale:

Malama, na karɓi kashi 7 ɗinki,
Amma bai isa ya wanke mu ba.

Kafin ki kai ƙarar gajimare,
Tambayi kududdufai, ba su mutu da kansu ba.

Ramukan da aka ɗebi ƙasar ginin birni,
Su ke tare ruwan da kwata ba ta ɗauke ba.

An cike su da bola, an yanka fuloti,
Ruwa kuwa bai manta hanyar gida ba.

Ga lissafi: milimita 1 a murabba'in mita guda,
Lita 1 ce cif, ba ƙasa da haka ba.

Milimita 50 a kan hekta ɗaya,
Lita 500,000, ba abin wasa ba.

Fili mai yashi zai shanye mafi yawa,
Kwano da siminti ba su san sha ba.

Kashi 9 cikin 10 za su turo wa titi,
Ga kwatar da ba don wannan aka auna ta ba.

Yasar kwata ma da ƙa'idarta,
A Mayu ake yi, ba sai hadari ya haɗo ba.

Daga mafita ake farowa a yo sama,
Wanda ya fara daga kai bai buɗe komai ba.

Yashi da ledar da aka tsamo a kwashe a ranar,
In an tula su a gefe, ba su yi nisa ba.

Gangara santimita 1 a kowace mita 2,
Ƙasa da haka laka ba za ta tafi ba.

Mai shago ya rufe kwata da silab ɗungurungum,
Bai bar murfin da za a ɗaga a yashe ba.

Wani ya sa bututu inci 6 a ƙofar gareji,
A kwata mai faɗin mita, bai ga ya shaƙe ta ba.

Kwata ta kai lambatu, lambatu Jakara, Jakara Wasai,
Wuri ɗaya in ya toshe, unguwa ba ta tsira ba.

Baba magini, Ƙofar Mazugal:

Ɗana Injiniya, Allah ya yi albarka,
Bari tsoho ya sa baki kan gini.

Katangar ƙasa ba daga kai take mutuwa ba,
Daga gindi take ciwo, magina sun sani.

An ɗaga titi, an ɗaga kwata,
Tsakar gida ta koma kwari a birni.

Ruwa ya kwanta a gindin bango,
Tubali ya narke ciki, waje ba a gani.

Alama ta farko, farin gishiri a ƙasan bango,
Ta biyu, tsaga a kusurwa tana hawa kamar tsani.

Ta uku, ƙofa ta fara ƙin rufuwa,
A fitar da yara tun da sauran yini.

Masu shafa siminti a kan jar ƙasa,
Kwalliya ce kawai, ba ta da amfani.

Laima ta shiga ta rasa mafita,
Ta yi ta cin bango a ɓoye har rani.

Yaɓe da makuba ake yi kafin damina,
Bango ya jiƙa ya bushe, shi ne magani.

Indararo ya zarce bango da kamu guda aƙalla,
Inda yake zuba a sa dutse, ban da raini.

A hau soro a cire ciyawa a toshe tsaga,
Rufin da ya ƙoshi da ruwa ya fi ƙarfin azara, ka ji bayani.

A yi dakali a gindi, gangararsa waje,
Sabon aiki kuwa, bulo har gwiwa kafin a ɗora gini.

Mai haƙar burtsatse, Kurna:

Baba, ranka ya daɗe, kun yi ta sama,
Ni bari in shiga da ku ƙarƙashin ƙasa.

Kano a kan dutse take zaune,
Babu wani kogi a can da bututu zai isa.

Ruwan na cikin ruɓaɓɓen dutse na sama-sama,
Da tsagar mai tauri, in inji ya dace ya fasa.

Shi ya sa maƙwabci ya samu a mita 40,
Kai ka kai 80 ka tashi ka rasa.

A yi awon ƙasa kafin a kira mota,
Kuɗin awo bai kai asarar busasshen rami ba ko kusa.

Abin da ke ciki ajiyar damina ce,
Wanda bai nutse ba, babu mai jawo shi bisa.

Kowane gida da famfon sumo yana zuƙa,
Kowa kuma ya malale tsakar gida, ruwa ya bi kwata nesa.

Ga gyara: rufin kwano murabba'in mita 100,
Ruwan milimita 30 ya sauka kansa,

Lita 3,000 ke nan, jarka 120 mai lita 25,
Je ka tambayi ɗan garuwa nawa ne kuɗinsa.

A sa mazurari a bakin kwano zuwa tanki,
Zubin farko a yar, ƙura da kashin tsuntsu ke cikinsa.

Tanki a rufe, raga a baki saboda sauro,
Na sha a tafasa, ko a sa masa maganinsa.

Rarar a yi mata rami mai zurfin mita 2,
Manyan duwatsu ƙasa, tsakuwa da yashi bisa.

Mita 15 aƙalla tsakaninsa da masai,
In ba haka ba rijiyar gida ce za ta sha dattinsa.

Ma'aikaciyar gandun daji, Hotoro:

Yaya mai burtsatse, sannu da ƙoƙari,
Ni zafin bazara nake kallo a gari,
Ma'auni ya haura digiri 40, dare ba sarari,
Siminti na amayo zafin rana, ina lafiya?

Dashe a Yuli ne, gab da shigar marka,
Rami santimita 60 ta ko'ina za ka haƙa,
Ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki ka haɗa ka saka,
Ka yage ledar, in ka bar ta saiwa za ta sha wuya.

Mutuwar dashe ba a damina take ba, sai rani,
Bokiti guda sau 2 a mako shi ne magani,
Busasshiyar ciyawa a gindi, laima ta wuce yini,
Sannan shingen ƙaya ko kwando saboda akuya.

Itacen turare mashayi ne, kusa da rijiya bai dace ba,
Darbejiya a gindin katanga ba ta san kunya ba,
Mita 5 ka ba ta, saiwarta ba za ta fasa ba,
Gawo na gona ne, makaranta a ba ta tsamiya.

Tun 2007 ake zancen koriyar ganuwar bishiyoyi ta Afirka,
Motocin gawayi kuwa kullum suna sauka,
Mai sara ya fi sauri, ya baro mai shuka,
A tsinci marke a buhu, a tsinci ƙirya.

Dillalin hatsi, Dawanau:

Hajiya, ku kuna maganar inuwa,
Mu a Dawanau buhu ke ba mu labari.

Ruwan farko ya sauka, manomi ya yi gaggawa,
Sama ta ɗauke mako 3, ya yi asarar iri.

Shuka 2 a shekara ɗaya, ƙwadago 2,
Kafin kaka, tsadar ta riga hatsin zuwa gari.

A jira danshi ya kai taƙi guda a ƙasa,
A ji hasashen hukumar yanayi NiMet, ban da bin kowane hadari.

Gero da wake masu saurin nuna a ba su kaso,
Kar a zuba duka a masara, ba ta jure fari.

Yuriya a tona a binne ta gefen shuka,
Wadda aka watsa, rana da ruwa su raba ta da wuri.

Ruwan ƙarshe kuma yakan riski hatsi a shanya,
Masara ta yi funfuna, gyaɗa ta zama hatsari.

Ka ciji ƙwaya, in ba ta ce ƙas ba kar ka ɗure,
Buhu mai leda 2, kowace da ɗaurinta, shi ke kashe ƙwari.

Masu alkama a Kadawa sanyi suke nema,
Shuka ta wuce tsakiyar Disamba, zafin Maris ya karya buri.

Mu tuna Agustan 2022 ma,
Da ruwa ya shiga shaguna a Kantin Kwari.

Dila da buhu kar su taɓa daɓe,
A ɗora kan katako, daga bango a bar sarari.

Likitan dabbobi, Unguwa Uku:

Alhaji, ka tsaya a buhu, ni zan wuce gaba,
Inda ƙarancin ciyawa ke komawa yaƙi.

Tafkin Chadi a farkon shekarun 1960,
Kusan murabba'in kilomita 25,000 ne na tafki.

Fari ya cinye mafi yawansa daga baya,
Masunci, makiyayi, manomi suka cushe a baki.

Nan kusa, madatsar Tiga tun 1974 take riƙe ruwa,
Fadamun Haɗejiya da Nguru kacalla ta cika ciki.

Ciyawar arewa ta ƙare da wuri, shanu su gangaro,
Dawa na tsaye a gona, tun kafin lokacin saki.

Burtalin da kakanni suka bari an nome shi,
Mashaya ta zama lambu, kowa na da'awar haƙƙi.

Amma Malama, kar a ɗora wa zafi komai,
Fari ba ya sayar da bindiga, ba ya hana alƙali aiki.

Inda ake yanke shari'ar ɓarna da adalci da sauri,
Farin ɗaya ne, amma magana kan mutu a zauren sarki.

Daji mai girma irin Falgore in ba a sa ido ba,
Ɓarayin shanu ne ke mai da shi ɗaki.

A kafa duwatsun iyaka a burtali tun rani,
Ba bayan an yi huɗa an zuba taki.

Mai unguwa da arɗo su tsai da ranar sakin gona,
A faɗa a masallaci da kasuwa, baki da baki.

Ɓarna in ta faru su auna ta tare a ranar,
Kafin sawu ya goge, zuciya ta yi hayaƙi.

Makiyayi ya tara harawa da kara tun kaka,
Ya rage tsofaffin shanu tun suna da kuɗin kirki.

Malamar labarin ƙasa, Kabuga:

Likita, ban ce zafi ne ya ɗau bindiga ba,
Nauyi yake ƙara wa wurin da ke lanƙwashewa.

Injiniya, kai kuma ga inda nake:
Tsohon awon ruwa ya fara gazawa.

Kwalbatin da aka auna da damunan 1980,
Ko an yashe shi tas, yau sai ya yi ta tumbatsawa.

Baba magini, Ƙofar Mazugal:

Ɗana na Kurna, raminka nake dubawa,
A lungun cikin gari ina filin da za a gani?

Gida taku 10, bango na maƙwabci, masai a kusurwa,
In ka nutsar da ruwa a nan ka jiƙa gindin gini.

Mai haƙar burtsatse, Kurna:

Allah ya ja kwana Baba, ramin da sharaɗinsa,
Mita 5 daga bango, in babu a fasa.

Ko da fili a gwada: tono har gwiwa, a cika da yamma,
In ya kwana bai tsotse ba, yumɓu ne a ƙasa.

Cikin badala tanki ya fi, a kan dakali,
Bututun rara ya kai kwata, kar ya ɗiga a gindinsa.

Babban rami sai filin makaranta da filin Idi,
Inda rufi ke da faɗi, gini kuma yana nesa.

Sauran kududdufan da ba a cike ba a yashe su da rani,
A kafa wa kowane duwatsu a kan iyakarsa.

A zagaye su da waya saboda yara,
Mai baron bola kuma kar a bar shi ya zo kusa.